Raddi Ga Masu Wanke George Daga Jinin Lennie

Littafin Of Mice and Men, wanda John Steinbeck ɗan Amurka ya fitar a 1937, ya ƙare ne da George ya harbe amininsa Lennie a ƙeya. Lennie ƙato ne mai ƙarancin hankali, ya kashe matar Curley, ɗan mai gonar da suke aiki, ba da niyya ba, Curley da mutanensa suka bazama nemansa da bindigogi. Masu sharhin adabi da dama suna wanke George, suna kiran aikinsa kisan jinƙai. Ɗalibanmu na Jega da Maiyama da na jami'ar Aliero da ke cin karo da wannan ra'ayi sun cancanci su ji amsarsa.

Hujjarsu ta farko ita ce ƙauna ta sa shi. Ban musanta ƙaunar ba, amma kyakkyawar niyya ba ta halatta jini. Lennie bai roƙi mutuwa ba. George ya sa shi ya juya baya, yana ba shi labarin gonar da za su saya da zomayen da zai kiwata, sannan ya harbe shi. Ko da ma ya roƙa, fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Gwandu bai bar ƙofa ba. Muhtasar na Halil ya nuna cewa wanda ya ce wa wani ya kashe shi, ya yafe masa, wannan yafewar ba ta kawar da ƙisasi. Dokar Penal Code ta Arewa ma, a sashe na 222, sassauci kawai take yi idan baligi ya yarda a kashe shi, laifin yana nan daram.

Ta biyu ta fi ƙarfi: wai da Curley ya riga shi, da mutuwar ta fi muni. Wa ya ba George sanin gaibu? Littafin da kansa ya faɗa mana cewa a garin Weed an taɓa farautar su biyun, suka ɓuya a magudanar ruwa har dare, suka tsira. Wannan karon George ya sace bindigar abokin aikinsu Carlson tun kafin masu farautar su tashi, wato ya yanke hukunci bai gwada gudu ba, bai gwada kai Lennie ga hukuma ba. A wasan Julius Caesar na Shakespeare, Cassius ya sa bawansa Pindarus ya soke shi don ya ɗauka abokan gaba sun kama amininsa Titinius, alhali mutanensu ne suka kewaye shi suna murna. Haka yaƙinin mai firgici yake.

Ta uku ita ce kwatanta Lennie da tsohon karen abokin aikinsu Candy da aka harbe don a hutar da shi, kuma ita ce ta fi ɓata mini rai. Mai wannan kwatanci ya sauke mai rauni daga matsayin ɗan Adam. Mutanen Aliero sun yi suna da ɗori, daga nesa ake kawo musu wanda ƙashinsa ya ragargaje, su zauna da shi makonni har ya taka. Wannan muka sani da jinƙai.

Malaman adabi, ku koyar da littafin, domin Steinbeck gwani ne. Amma ku gaya wa ɗalibai cewa George ya kashe wanda ya amince da shi.