Filin Mata: Daga Kano Zuwa Jidda, Awa Nawa?

Yau zancenmu na masu niyyar Makka ne, musamman iyayenmu na Gwiwa da Roni da Kazaure waɗanda ba su taɓa shiga jirgin sama ba. Tambayarsu kullum ita ce, tafiyar nan awa nawa ce?

To, ku saurara. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Jidda wajen kilomita 3,400 ne, watau mil 2,100 da ɗoriya. Jirgi in ya miƙe sosai, awa huɗu da rabi zuwa biyar yake yi. Amma a 2023, da yaƙi ya tashi a Sudan aka rufe sararin ƙasar, sai da jiragen alhazai suka riƙa kewayawa, tafiya ta ƙara tsawo. Saboda haka kada ki rantse kan awa biyar, tambayi jami'in alhazanku.

Mu gode Allah. Kakanninmu da ƙafa da jakuna suka bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Waɗansu suka yi shekaru a hanya, waɗansu suka zauna a Sudan, jikokinsu na can har yau. Jirgin sama kuwa bai sauka Kano ba sai 1925.

Sai dai tafiyar mutumiyar Gwiwa ba a bakin jirgi take farawa ba. Sai ta fito Kazaure, daga nan wajen kilomita 80 zuwa Kano. In kuma ta filin jirgin Dutse za ta tashi, wanda aka buɗe a 2014, sai ta wuce Kano ta bi ta Wudil. Ga zaman jira a sansani, ga duba takardu. Sau da yawa wahalar ƙasa ta fi ta sama. Ki yi guzurin ƙuli-ƙuli da dabino, ki sa takalmi mara matsi.

Abu na biyu, agogo. Na Makka yana gaba da namu da awa biyu. In jirgi ya tashi Kano ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar, a Gwiwa ƙarfe 3 ne, a Jidda kuwa ƙarfe 5 na asuba. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ta tambayi likita yadda za ta daidaita lokacinsa, ta kuma riƙe shi a jakar hannu, kada ta sa shi cikin babban akwati. Ku kuma na gida, in ba ku ji waya da wuri ba kada ku ta da hankali, layin duba fasfo kaɗai yakan ci awoyi.

Abu na uku, zama wuri ɗaya yana kumbura ƙafa, har jini yakan daskare a jijiya, balle ga tsofaffi da masu juna biyu. Ki riƙa motsa ƙafafunki, ki tashi ki ɗan taka. Ki sha ruwa. Kada kunyar shiga makewayin jirgi ta sa ki zauna da ƙishirwa, ma'aikaciyar jirgi za ta nuna miki yadda ake buɗe shi.

Wadda za ta zarce Makka daga Jidda, ta tambayi malaminta batun niyyar harama tun tana gida, domin a sama ake wuce miƙati.

Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya. Sai mako mai zuwa.