Abin da Kaset Bai Ɗauka Ba

Dattijon da ya taɓa halartar wasan Alhaji Mamman Shata, in aka kunna masa kaset ɗin waƙar da ya ji a fili, sau da yawa yakan ce ba haka aka yi ta a ranar ba. Matasa kan ɗauki maganar a matsayin begen ƙuruciya, alhali dattijon yana da hujja.

Shata ba ya rubuta waƙa ya haddace. Yakan tsaya a tsakiyar fili, makaɗan kalangu na kewaye da shi, 'yan amshi na riƙe da gindin waƙa. A ɗan lokacin da suke maimaita amshin ne yake duban taro, ya shirya ɗan waƙar da zai biyo baya. In attajiri ya shigo, sanƙira ya ambaci sunansa da na kakanninsa, nan take sunan ya sami gurbi a cikin waƙar. In wani ya yi rowa, habaici ya bi shi har gida. Saboda haka waƙa ɗaya takan fito da kama dabam a kowane taro, kaset kuwa kama ɗaya tak ya adana.

Giɓin ya fi faɗi ga Barmani Choge. Amada kiɗan mata ne na cikin gida, da ƙorai, a bikin aure ko suna, inda na'urar ɗaukar murya ba ta cika shiga ba. Shi kuwa Ɗanmaraya Jos, wanda ya ji shi a rediyo kawai ba zai san yadda mutum guda da kuntigi mai tsirkiya ɗaya yake sa taro ya yi tsit ba.

Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Saurayin da ya kalli wasansu yana ɗan shekara 20 a 1980, yau ya haura 60. A bukukuwa da dama kuma yanzu waƙar sutudiyo ake kunnawa, mawaƙi na bin ta da baki, don haka mai tasowa ba shi da inda zai ga yadda ake ƙirƙirar waƙa a gaban jama'a.

Lallai ne a ɗauki tunanin waɗannan shaidu a matsayin tarihi, a kuma naɗe shi tun suna raye. Sassan nazarin Hausa a jami'o'in Kano, Zariya da Sakkwato sun yi ƙoƙari wajen rubuta matanin waƙoƙi. Saura a nemi makaɗa da 'yan amshin da suka rage, domin su suka san yadda maigidansu ke ba da alamar sauya kiɗa. Aikin bai fi ƙarfin iyalai ba ma. Wayar hannu ta isa a zauna da kaka a tambaye ta bikin wa aka yi, a wane gari, wa aka yaba, wa aka yi wa zambo, me aka liƙa wa mawaƙin kafin gari ya waye.