Abinci mai zafi da leda ba su da haɗi



Mu duba kicin ɗinmu. Alale a ƙulla a leda a jefa cikin tafasasshen ruwa, tuwo a kwashe shi da zafinsa a naɗe a leda, kokon yara da safe a leda. Ni dai a ganina lokaci ya yi da za mu raba abinci mai zafi da roba, kuma mu ne ya kamata mu fara.

Wajen haɗa roba ana zuba sinadarai don ta yi ƙarfi ko ta yi laushi. Akwai BPA, wanda ake samu a wasu robobi masu tauri da kuma shafen cikin wasu gwangwanaye. Akwai talet, masu sa roba laushi. Waɗannan sinadarai suna rikita aikin homon, wato 'yan aiken cikin jiki masu tsara al'ada, ɗaukar ciki, girman jariri da balaga. BPA kwaikwayon homon ɗin mace yake yi. Zafi da maiƙo kuwa su ne suka fi fitar da sinadarai daga roba zuwa abinci. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne ɗan da ke ciki da jariri.

Ba a ji a baki, ba ciwon ciki nan take, shi ya sa muke cewa ai mun saba. Amma Tarayyar Turai ta hana BPA a fidar jarirai tun 2011, Amurka ta bi a 2012, Faransa ta hana shi a duk mazubin abinci daga 2015. A nan gida, Jihar Legas ta haramta farin tekawe na soso a Janairun 2024.

Na san wata za ta ce leda ce mai arha, kuma da ita mai koko da mai alale ke neman na cefane. Gaskiya ne, kuma ba yaƙi muke da sana'ar kowa ba. Iyayenmu da kwano suke aikenmu sayen koko, mai koko ba ta yi asara ba.

Ga abin da za mu iya daga yau:

1. Alale a ganye ko ƙananan kofunan silba.
2. Tuwo da miya a samira, silba ko tangaran.
3. Aiken koko, kunu ko wake da shinkafa, a tafi da kwano.
4. Kar a zuba ruwan zafi a tsohuwar fida da ta kakkarce.
5. A juya gindin roba a duba lamba: 3, 6 da 7 a nisanta su da abinci.
6. A daina hura gawayi da leda, hayaƙin guba ne.

Shugabannin mata na mazaɓu, mu muke girkin taro, na biki da na suna. A taro na gaba a fito da faranti, a bar ƙullin leda. In 'yan takara sun zo neman ƙuri'a, mu tambaye su me za su yi kan ingancin mazubin abinci a kasuwanninmu, da yadda NAFDAC za ta ƙara sa ido.

Don Allah a tura wa sauran 'yan uwa, musamman masu ciki da masu shayarwa.