A wasan padel, baki ne ke tsare fili

Padel wasa ne na mutum huɗu, biyu-biyu. An ƙirƙiro shi a birnin Akapulko na ƙasar Meziko a 1969, ya kuma samu gindin zama a Sifaniya da Ajantina. Filinsa mita 20 ne a tsawo, 10 a faɗi, da raga a tsakiya, an kewaye shi da bangon gilashi da waya. Ƙwallo kan faɗi ƙasa, ya bugi bango ya dawo, a ci gaba da wasa.

A ganina, duk mai koya wa yara wannan wasa ya fara da tsayuwa da magana, ƙarfin bugu ya biyo baya.

Abokan wasa biyu suna motsi ne kamar an ɗaure su da igiya guda: su matsa bakin raga tare, su koma baya tare. In ɗaya yana gaba ɗaya yana baya, sai kafa ta buɗe tsakaninsu, abokan hamayya su zura ƙwallo ta nan. Masu riƙe da bakin raga su ke da rinjaye, shi ya sa ake cilla ƙwallo ta bisa kansu don a kora su baya.

A nan magana take aiki. Wanda ya juya yana bin ƙwallo zuwa bango ba ya ganin abokan hamayya. Abokinsa ne idonsa, shi zai ce masa "sun taho" ko "suna baya". Ƙwallon da ya biyo tsakiya kuma, in ba wanda ya ce "nawa" ko "naka", ko su yi karo, ko kowa ya bar wa ɗan'uwansa.

Wani zai ce ai gwaninta ke cin wasa. To, Sifaniyawa suna da dabarar da suke kira "firji": a yi ta aika ƙwallo wajen mai rauni, a bar gwanin tsaye har ya yi sanyi. Gwanin da ya shiga hararar abokinsa a wannan hali ya gama yi wa abokan hamayya aiki. Mafita ita ce ya kwantar masa da hankali, ya riƙa faɗa masa inda zai buga.

Malamai da iyaye, mun saba tafa wa yaron da ya yi bugun da ya burge. A kowane wasan haɗin gwiwa, mu riƙa lura da wanda ya tsaya inda ya dace ya kuma yi wa abokinsa magana a kan lokaci, mu yaba masa a gaban sauran.