Daga Bakin Allo: Jini A Fitsari Ba Balaga Ba Ce

 Kwanan baya na tambayi 'yan ajina, masu shekara 12 zuwa 14, ma'anar jini a fitsarin yaro. Da yawansu suka ce alamar balaga ce. Subhanallahi! Tsargiya ce fa, jama'a.

Washegari na kai su bakin wani kududdufi, na nuna musu ƙananan dodon koɗi. Na ce idan mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan cutar yakan ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, daga baya tsutsar ta fito ta huda fatar mai wanka ko wanki. In aka ƙyale ta, takan lalata mafitsara, har da ƙoda.

Mu a Tibati ba mu rabuwa da ruwa. Tun da aka gina madatsar Mbakaou a kogin Djerem a 1969, kamun kifi ke ciyar da gidaje masu yawa. Saboda haka na ce su riƙe abu biyu: fitsari sai a masai, wanda kuma ya ga jini ya ajiye kunya ya gaya wa iyayensa. Akwai magani a asibiti, sunansa praziquantel.

Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku yau da dare. Allah ya ƙara mana lafiya, amin. Sai wata mai zuwa.