Dodon Kabewa Da Ƙoƙon Kan Jaki: Gargaɗi Ga Manoma Da Iyaye A Lokacin Kaka

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, ga kaka ta kama. Daga Musawa zuwa Malumfashi, Bakori da Funtua, masara ta shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai, auduga ta fara fashewa. A daidai wannan lokaci na godiya ga Allah ne wayoyin hannun 'ya'yanmu suke cika da hotunan wani biki na Turawa da ake kira Halowin, wanda ake yi daren 31 ga Oktoba. Magidanci da hankalinsa zai share makonni yana gina abin tsoro a ƙofar gidansa. Ya rarake kabewa ya yanka mata idanu da haƙora ya kunna kyandir a ciki, ya sassaƙa kaburburan ƙarya da katako, ya rataya farin ƙyalle kamar likkafani a reshen bishiya, ya yayyafa jan fenti a matsayin jini, sannan ya kira maƙwabta su zo su yaba gwanintarsa. Abin ya riga ya shiga wasu otal-otal da makarantun kuɗi a Legas da Abuja, kuma abin da ya sauka a birni ba ya daɗewa bai hau motar kasuwa zuwa ƙauye ba.

Ya kamata mu san asalin abin kafin ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Tsofaffin mazauna ƙasar Ailan da Sikotilan, tun kafin Kiristanci ya je musu, suna da bikin ƙarshen kaka, inda suka ƙudurta cewa a wannan dare shamakin da ke tsakanin rayayyu da matattu yana yin sirara, fatalwa da iskoki su fito yawo. Sai su hura wuta don neman kariya, daga baya kuma aka ga jikokinsu suna ɓad da kama suna sassaƙa fuskoki masu muni. A ƙarni na 8 da na 9 Cocin Rum ta tsayar da 1 ga Nuwamba ta zama ranar tunawa da waliyyanta, daren da ya gabace ta ya samu sunan da ake kiransa da shi yau. Mutanen Ailan da yunwar da ta fara a 1845 ta kora zuwa Amurka suna cikin waɗanda suka tafi da al'adar can, inda kabewa ta samu shiga. Daga nan 'yan kasuwa suka karɓe ragama, har ƙungiyar dillalan Amurka ta ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai za a kashe sama da dala biliyan 12 a kan wannan dare guda. Maguzanci ne ya haife shi, coci ta raɗa masa suna, kasuwa ta yaye shi. To, ina rabon Musulmi a ciki?

Hukuncinsa a bayyane yake. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar da mutanen Madina da wasu ranaku biyu na wasa da suka gada daga jahiliyya, sai ya sanar da su cewa Allah Ya musanya musu da mafi alheri, wato ƙaramar Salla da babbar Salla. Haka nan Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗinsa cewa mai kamanceceniya da wasu mutane yana cikinsu. Masu cewa wai ai a birnin Riyad ma an yi irin wannan shiga ta ban tsoro a 2022, sai mu ce musu hujja a addini ita ce Alƙur'ani da Sunna. Aikin wata ƙasa, ko wace ce, shi ma awo ake yi masa da su.

Sai dai, jama'a, kada mu tsaya muna yi wa Bature dariya alhali namu dodon yana tsaye a bakin gona. Duk wanda ya ratsa gonakin wannan yanki ya san abin da ake nufi: ƙoƙon kan jaki ko na sa a soke bisa sanda, sakaina da aka shafe da baƙin tukunya, ƙaho da laya a ɗaure da jan ƙyalle, ga kuma kafin da aka binne a kusurwoyi huɗu. In ka tambayi mai gonar sai ya ce maganin kambun baka ne, ko maganin ɓarawo, wai wanda ya karya zangarniya ɗaya cikinsa zai kumbura. Wallahi wannan ya fi na kabewa haɗari nesa ba kusa ba. Mai kabewa a yau yawanci ya san wasa yake yi, laifinsa koyi da ɓarnar dukiya. Mai ƙoƙon jaki kuwa zuciyarsa ce ya rataya a kan ƙashin mushe, yana zaton shi ne zai tsare masa abin da Allah Ya tsirar. Wannan ƙofar shirka ce, wal'iyazu billahi.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bashir Al'ansari cewa a wata tafiya Manzon Allah (SAW) ya aika a tsinke tsarkiyar baka da ake ɗaura wa raƙuma a wuya, kuma Imamu Malik, wanda muke tinƙaho da mazhabarsa, ya bayyana a Muwaɗɗa cewa yana ganin saboda kambun baka ake ɗaura ta. In an tsinke ta wuyan raƙumi, ta yaya ta bakin gona za ta tsira? Wani almajiri zai ce ai akwai ruwayar da ta yi umarni da kafa ƙoƙunan kai a cikin shuka. Gaskiya ne an ruwaito haka, amma Baihaƙi da ya kawo ta shi da kansa ya ce sanadinta a yanke yake, kuma ba a gina aƙida a kan tubalin toka. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yaƙi irin wannan gauraye na Musulunci da al'adun maguzanci, na girmama itatuwa da duwatsu, a littattafansa irin su Nurul Albabi. Abin kunya ne a ce fiye da shekara 200 bayan jihadin 1804 jikokin almajiransa suna neman tsari da kan jaki.

Kada a yi mana mummunar fahimta, a je ana cewa Ahlussunna sun hana korar tsuntsu. Manomin da ya gicciya kara biyu ya sa musu tsohuwar riga, ya ja zaren kaset ko leda mai walƙiya, ya rataya gwangwanaye don iska ta kaɗa su jan-baki ya gudu, bai yi laifi ba. Wannan riƙo da sababi ne wanda ido yake ganin aikinsa, kamar shinge da taki. Abin kiyayewa kawai kada a fitar masa da fuska da kamannin mutum, domin a hadisin Abu Dawuda da Tirmizi Mala'ika Jibrilu ya yi umarni da a cire kan mutum-mutumi ya koma kamar itace. Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da kake kafawa don tsuntsu ya gani dabara ce, abin da kake kafawa don aljani ko maye ya gani tsafi ne.

Akwai kuma dodo na uku, wanda muke ginawa a cikin gida. Idan azumi ya kai kwana 10, yara su yanka kwali da ƙwarya su yi fuskar dodo, su shafa gawayi da toka, su bi gida-gida da sunan tashe, a daren da ya kamata a ce suna sahun asham ko gaban mai tafsiri. Kada wani ya raina tafiyar da irin wannan wasa yake yi: fatake Hausawa ne suka kai wasan dodo Wagadugu a ƙarni na 19, har yau kuma ana yin sa can a watan azumi. Uwa ita ma in yaro ya ƙi barci sai ta ce ga dodo nan. Yaron da aka raina da tsoron dodo shi ne saurayin da ba ya iya wuce gindin tsamiya da magariba, shi ne magidancin da zai kai wa boka baƙin bunsuru. Allah Ya ba mu labari a Suratul Jinni, aya ta 6, cewa masu neman tsari da aljannu ba abin da aka ƙara musu sai wahala, kuma a Ali Imrana, aya ta 175, Ya bayyana cewa tsoratarwa da majiɓintansa aikin Shaiɗan ne, Ya umarce mu da mu ji tsoronSa Shi kaɗai. Ko da wasa, Manzon Allah (SAW) ya hana Musulmi ya firgita ɗan'uwansa, kamar yadda ya zo a Abu Dawuda, a ƙissar sahabin da aka ɗauke wa igiya yana barci.

Mu mutanen kudancin Katsina ba ma bukatar a sassaƙa mana tsoro. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, nan kusa da mu, kuma manoma nawa ne a yankin nan aka raba da gonakinsu? Duk ƙahonin da aka binne da layun da aka rataya ba su tare ko babur ɗaya ba. Wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata ya mai da kabari da likkafani abin wasa ba, bai kuma kamata ya sake jingina ga ƙashi ba.

Saboda haka muna kira ga manoma su tumɓuke abin da suka kafa, su tone abin da suka binne, su tsare amfaninsu da addu'o'in safe da maraice, da gadi na haɗin gwiwa, da fitar da zakkar hatsi ranar girbi. Iyaye su duba abin da ke cikin wayoyin 'ya'yansu, su daina kiran dodo, su koya musu Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi. Limamai da malaman Islamiyya su yi wannan bayani da hikima da lallashi, domin da yawa jahilci ne ya kai su. Kabewa kuma a kai ta tukunyar taushe, can ne muhallinta.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga tsoron waninSa, Ya sa albarka a amfanin gonarmu, Ya dawo mana da zaman lafiya, amin.