Bill Maclagan da Sule Shidan Mai Haƙar Kwal

A makon jiya wani ɗalibina ya tambaye ni ko gaskiya ne abin da dattawa ke faɗa, wai kuɗi ne suka ɓata wasanni, a da don sha'awa kawai ake yi. Ban ba shi amsa nan take ba, domin tambayar ta tuna mini da wani mutumin Sikotilan, William Edward Maclagan, wanda aka fi sani da Bill.

An haife shi a Edinbara a 1858. Ya yi karatu a makarantar 'ya'yan masu hali ta Edinburgh Academy, inda wasan zari-ruga ya yi saiwa tun da wuri. Yana ɗan shekara 19 ya fara buga wa ƙasarsa a 1878. Da shi aka yi karawar farko ta Kofin Kalkata tsakanin Sikotilan da Ingila a 1879, kofin da aka ƙera da azurfar kuɗin Indiya da aka narkar. Daga baya ya zama kyaftin. A gefe guda kuma dillalin hannun jari ne a Landan, kuma wannan sana'a ita ce ta fi jan hankalina.

A 1891 ya jagoranci tawagar Birtaniya ta farko zuwa Afirka ta Kudu. Cecil Rhodes, firaministan yankin Cape a lokacin, shi ya tsaya wa tafiyar da kuɗi. Sun yi wasa kusan ashirin, ba wanda ya ci galaba a kansu. Mai kamfanin jirgin ruwan da ya kai su, Donald Currie, ya danƙa wa Maclagan kofi ya ba ƙungiyar da ta fi ba su wuya. Griqualand West ce ta samu, kuma har gobe ana gasar Kofin Currie a can.

To, a lissafa. Tafiya a teku fiye da mako biyu, dawowa haka, ga makonni ana zagaya ƙasa a jirgin ƙasa da keken doki. Wane ne zai iya rufe sana'arsa wata uku ya je ya yi wasa kyauta? Sai wanda tukunyarsa ke tafasa ko yana nan ko ba ya nan.

A daidai wannan zamani, a arewacin Ingila, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa sun rungumi wasan, har sun fara gagarar 'yan boko. Matsalarsu ɗaya ce: ranar Asabar ranar aiki ce, wanda ya bar ramin kwal ya je fili an yanke masa lada. Ba albashi suka nema ba. Cewa suka yi a mayar musu da abin da aka yanke. A 1893 hukumar wasan ta Ingila ta yi watsi da buƙatar da ƙuri'a 282 kan 136. Ranar 29 ga Agusta, 1895, ƙungiyoyi 22 suka taru a wani otal a Huddersfield suka ɓalle, suka yarda a riƙa biyan ɗan wasa har sule shida a ranar da ya rasa aiki. Daga nan wasan ya rabu gida biyu.

A shekarar da aka yi wannan ɓaraka, Maclagan ne shugaban hukumar wasan ta Sikotilan, hukumar da ta fi kowace tsanani a kan haramta kuɗi. Har sule uku na guziri da aka riƙa ba 'yan wasan New Zealand kullum a ziyararsu ta 1905 sai da ta mayar da shi abin rigima.

Ba na zargin mutumin da munafunci. Na yarda ya so wasan da zuciya ɗaya, ya kuma yi masa hidima a fili da ofis. Sai dai wanda ya ƙoshi bai san da mai jin yunwa ba. Ƙa'idar da ba ta rage masa ko anini ba, ita ce ta tilasta wa wani zaɓi tsakanin ƙwallo da abincin 'ya'yansa. Nakan tuna da haka duk lokacin da na ji ana yabon aikin sa kai ba tare da an tambayi wa ke ciyar da mai yin sa ba.

Maclagan ya rasu a 1926. Dokar kuwa ta daɗe bayansa: sai a watan Agustan 1995 hukumar wasan ta duniya ta halatta biyan 'yan wasa, saura kwana uku taron Huddersfield ya cika shekara ɗari.